Kan Baƙuwar Kawar

Shekara uku ko huɗu bayan samun mulkin kai, wata tsohuwa ta sauka daga kamyon dabino, wato babbar motar kaya, a bakin kasuwar Agadas, ta riƙa tambayar gidanmu da sunan mahaifin kakata, mutumin da ya rasu tun ba a haifi ubana ba. Wani mai sai da gishiri ne ya nuna mata lungunmu. Ina tsakar gida da kan wata mata a cinyata lokacin da ta yi sallama, sallama mai nauyin harshe irin ta mutanen gabas. Gajera ce, siririya, riƙe da ƙunshin kaya ɗaya da ɗan buhun dabino, ta ɗaure kanta tam da baƙin kallabi har ya rufe kunnuwa.

Ta wuce ni, ta je gaban Kaka ta durƙusa.

"Yaya," ta ce, "ni ce."

Kaka tana tsintar gero a faifai. Ta ɗaga kai ta dube ta tun daga ƙafa har sama, sannan ta ce, "Ke ce wa?"

Kowa a gidan ya san Kaka tana da ƙanwa da ta ɓace. A shekarar da sojan Nasara suka shigo gari mutane suka watse, Kaka tana budurwa, ƙanwar kuwa ba ta wuce shekara bakwai ba. Kaka da uwarsu suka yi kudu, yarinyar ta bi wata goggonsu cikin wani ayari dabam, ba a sake jin labarinsu ba. Yanzu ga tsohuwa durƙushe tana cewa ayarin nan Kawar ya kai su, gabas cikin hamada, can goggon ta mutu, can aka yi mata aure, ta haifi ɗa guda. Mijin ya rasu, ɗan ya tafi Libiya neman aiki shekara biyar ba ko wasiƙa, shi ne ta ce bari ta zo ta mutu a gidan ubanta.

Kaka ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rungume ta ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce da ni, "A ba baƙuwa ruwa." Aka share mata ɗakin da ke kusa da zaure, inda Baba ke ajiye fatu.

Baba, wato ubana, baduku ne, mutum ne da ba ya sayen fata sai ya ɗaga ta a rana ya duba ta ciki da baya. Tun ranar farko ya ce maganar kango ce. Jikin gidanmu ta yamma akwai kangon da ya zube tun shekarar watsewa, rabon ƙanwar Kaka ne in da tana raye. A shekarun nan gari ya fara cika, ma'aikatan gwamnati da magina da masu mota suna ta zuwa, kangon da ya shekara arba'in ba mai leƙa shi sai awaki, sai a wayi gari ya yi masu shi uku. Maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa mai kamyo biyu, ya riga ya nemi namu har sau biyu don ya riƙa sauke kaya, Kaka ta hana. Kwana uku da zuwan baƙuwar, Baba ya gan ta a ƙofar mutumin nan. Da aka tambaye ta, ta ce godiya ta je yi, don shofer ɗinsa, wato direbansa, shi ne ya ɗauko ta.

"Shofer ɗinsa," in ji Baba. "Inna, kin ji ko? Duk motocin da ke hanyar Kawar, sai tasa."

Kaka ta ce ta ji.

Daga nan sai gwaji. Kaka ba ta tambaya kai tsaye. Sai ana cikin tankaɗe ta ce, "Wai me ke tsakiyar kangon nan a da?" Baƙuwa ta ce aduwa, kuma gaskiya ne, an sare ta tun ina jaririya. Ta san uwarsu tana da jaka mai ido ɗaya. Ta san ubansu yana tari kafin ya shigo gida. Amma ta ce rijiyar da suke ɗiba tana gabas, alhali tana yamma, kuma sunan uwarsu na yanka ya gagare ta, ta ce Inna kawai ta sani. Wata tsohuwa ƙawar Kaka, da ke zuwa hira bayan la'asar, ita ta jefa maganar da ta lalata sauran. Ta ce, "Wadda ta zauna gida ɗaya da ƙanwarki shekara arba'in, ai ita ma za ta san aduwa da jaka." Tun daga ranar, duk amsar da baƙuwa ta bayar daidai sai ta zama kamar karatun da aka biya mata.

Ni kuwa kallabin ne ya tsaya mini. Sana'ata kitso, na gaje ta wajen mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, kuma tunda aurena na fari ya mutu na dawo gida, kawunan rabin matan unguwa sun bi ta hannuna. Makitsiya kai take fara kallo kafin fuska. Wata guda baƙuwar nan tana gidanmu ban ga ko silin gashinta ba. In za ta yi alwala, sai ta cusa yatsu ƙarƙashin kallabi ta shafa. In za ta yi wanka, da shi take shiga da shi take fita. Matan da ke zuwa kitso suka fara raɗa. Wata ta ce aske ta aka yi don wani laifi. Wata ta ce cuta ce. Wata ta ce akwai alamar iyayengiji a kunnen, shi ya sa take rufewa.

A garinmu, a wancan zamani, kan mace yana faɗin inda ta kai a duniya. Yarinya ƙarama a aske ta a bar mata tukku. In ta tasa a fara yi mata ƙanana, tsaga kusa da kusa, ta wuni a cinyar makitsiya tana hawaye. Amarya da mai jego su ne na doka, a cusa tsumma baƙi a tsakiya a ja gashi a kansa ya tashi, a shafe da man shanu da garin kanumfari. Mace tana haihuwa kitso yana raguwa yana ƙara kauri, don ba ta da wunin zama. Wadda mijinta ya mutu ta tsefe, ta zauna haka har ta fita takaba, kuma da yawa daga nan ba sa komawa doka. Tsohuwa kuwa guda huɗu ne, biyu gaba biyu baya, in gashi ya ƙara janyewa ya koma biyu, a lanƙwasa jelar a cusa. Jan kitso na shekara da shekaru yana cinye goshi da gefen kunne, har in na taɓa kan tsohuwa ina iya faɗin irin kitson da ta fi so tana yarinya.

Kaka ce kaɗai ta ƙi bin wannan layi. Ta haura sittin, tsakar kanta ta zama fili, amma duk Alhamis sai na yi mata ƴar doka. Tsumman ya fi gashin yawa. Nakan tattaro na gefe in lulluɓe, in shafa shuni a furfurar, ita kuma ta riƙe madubi tana cewa na karkatar. A irin wannan zama ne, wata Alhamis da hantsi, ta yi mini magana ba ta juyo ba.

"Ƴar nan, kin iya riƙe baki?"

Na ce na iya.

"Ina da shekara goma sha biyu na ture ƙanwata daga matakalar soro. A kan ɗan kunne muka yi faɗa. Ta faɗa kan dutsen niƙa, bayan kunnen hagu ya tsage. Tabon kamar ƙwallon dabino, gashi bai sake fitowa a wurin ba, Inna sai ta karkata tsaga in tana mata kitso. Ban taɓa gaya wa kowa ni na ture ta ba." Ta ajiye madubin. "Ki yi wa baƙuwar nan kitson salla. Ki duba mini."

Sau biyu na yi wa baƙuwar tayi, sau biyu tana cewa ta gode, kanta ba ya son ja. Na uku, ana saura kwana biyu Babbar Salla, na ce mata duk wadda ke gidan nan sai na yi mata, in na tsallake ta mutane za su ce mun ware ta. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To, amma ba a tsakar gida ba."

Muka shiga kangon da safe, muka shimfiɗa tabarma a inuwar bangon da ya rage. Na zo da mataji da matsefata da kaskon man shanu. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta kwance kallabin da kanta, a hankali, ta ninke shi ta ɗora a gwiwa.

Gashin fari ne fat, gajere, an murɗe shi gida uku ba tsari, aikin wadda ke yi wa kanta ba madubi. A goshi na ga sawun kitson Barebari, irin wanda ake jan shi gefe da gefe, wannan bai ba ni mamaki ba. Na fara tsifa daga dama da gangan. Na yi ta jan lokaci, ina shafa mai inda ba ya bukata.

"Je ki hagun," ta ce. "Can aka aike ki."

Kunya ta kama ni. Na karkata kanta. Daga saman kunnen hagu har ƙeya, wuri mai faɗin tafin hannuna, ba gashi ko ɗaya. Fata ce sumul mai sheƙi, ta tattare a gefe, saman kunnen ma ya naɗe ya manne. Ƙuna ce. Na bi wurin da babban yatsa, ina neman wani tudu ko rami a ƙarƙashi, wani abu kamar ƙwallon dabino. Wuta ta shafe komai.

"Bukkar kaba ce ta kama," ta ce. "Ina da cikin ɗana. Na koma ɗauko tukunya."

Na ce, "Iya, kafin wutar, akwai wani abu a wurin?"

"Goggo takan ce akwai. Ni ban taɓa ganin bayan kunnena ba."

"Ba ki tuna yadda kika same shi ba?"

"Na tuna na faɗo. Wani lokaci ina ganin matakala, wani lokaci ina ganin raƙumi. A hanyar Kawar ma na faɗo daga raƙumi." Ta ɗan yi dariya ba daɗi. "In na ce matakala, za ki ce wani ya gaya mini."

Abin da ke raina ke nan. Na raba gashin zan fara kitso, sai ta kama hannuna.

"Ke ma in tambaye ki. Kina tsammani ni na tabbata? Na bar gida mai ƙofa ja, na tarar da ƙofar kwano. Na bar yayata doguwa, gashinta har gadon baya, tana da wushirya. Na tarar da tsohuwa ba haƙoran gaba, da tsumma a ka, tana kallona kamar na zo satar akuya. Sunan uba kawai na riƙe, kuma masu irin sunan nan a garin nan ba ɗaya ba ne. Wanda ya nuna mini lungu, ina na san bai kai ni gidan wani ba?" Ta saki hannuna. "Yayata gashinta wuri biyu yake murɗawa a tsakar kai. Ina tsaye a bayanta ina kallo in Inna na mata kitso, har ana tsokanarta da shi. Ke ce mai taɓa kan waccan. Wuri nawa ne?"

Ban taɓa zaton tambaya za ta juyo ta wannan gefe ba. Na rufe ido ina neman tsakar kan Kaka. Tun da na karɓi kanta daga hannun mahaifiyata wurin a share yake. Kamar na tuna, farkon fari, akwai ɗan sauran gashi da ke kwanciya gefe guda, amma ko murɗi ɗaya ne ko biyu, ban iya rantsewa ba. Na gaya mata haka.

"To," ta ce. "Yi kitsonki."

Na yi mata guda huɗu irin na tsofaffin garinmu, na jawo na baya na hagu ya kwanta a kan ƙunar ya rufe rabi. Ta shafa da hannu, ba ta ce ya yi kyau ba, ta mayar da kallabinta.

Da azahar na sami Kaka da Baba a zaure na faɗa musu abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Baba ya ajiye basillarsa.

"Daidai wurin," ya ce. "Duk faɗin kai, wuta ba ta ci ko'ina ba sai daidai wurin."

Na ce, "Baba, ƙunar tsohuwa ce. Ba ta bana ba ce, ba ta bara ba. Ta fi shekara ashirin."

"Kin ga an yi ta?"

"Ban gani ba."

"To."

Kaka ta tambaye ni faɗin wurin, na nuna mata da tafin hannu. Ta tambaya ko na danna da kyau. Sai na faɗa mata abin da baƙuwar ta tambaya game da tsakar kanta. Na ga hannunta ya tashi kamar zai je kan dokar, ya tsaya a hanya, ya koma cinya.

"Wa ya gaya mata wannan?" ta ce.

"Biyu ne, Kaka?"

"Mahaifiyarki ta yi mini kitso shekara ashirin. Mahaifiyarki kuwa ba ta iya riƙe baki ba. Rabin unguwar nan sun sani." Ta tashi ta shiga ciki. Alhamis ɗin da ta biyo, ta ce in bar dokar, zafi take sa mata, in yi mata huɗu. Ban tambaye ta dalili ba, ba ta kuma sake neman shuni ba.

Baƙuwar ta zauna da mu shekara biyu da wani abu. Kaka ba ta taɓa kiran ta da sunan ƙanwarta ba, "mutuniyar Kawar" take cewa, ko a gabanta. Ita kuma ba ta fasa cewa Yaya ba. Kwano ɗaya suke ci, amma mabuɗin akwatin Kaka yana ɗaure a bakin zanenta ko barcin rana za ta yi. In baƙuwa ta fita, Kaka ta aike ni in ga ina ta nufa. In ta yi jinkirin dawowa, Kaka ta kasa zama, ta riƙa leƙa zaure tana cewa tsohuwar nan ba ta san gari ba, mota za ta buge ta. Da baƙuwar ta cika shekara, ta roƙi a bar ta ta ɗaure akuya a kusurwar kangon. Baba ya ce, "An fara." Ya je ya kira liman da mai unguwa suka shaida cewa aron wuri ne. Ta tsaya tana saurare har suka gama, ta ce ta yarda, ta ɗaure akuyarta.

Da Kaka ta kwanta ciwon ajali, baƙuwar ce ke juya ta, ita ke dama mata kunu. Baba ya ja ni gefe ya ce kada in bar ta ita kaɗai da tukunya. Na yi yadda ya ce, ina tsaye ina kallon hannunta, ita kuma ta san ina kallo, takan ɗebi cokali ɗaya ta sha a gabana kafin ta kai. Wata rana da walaha na shigo na tarar Kaka ta sa hannu ƙarƙashin baƙin kallabin, tana lalube bayan kunnen, idonta a rufe. Baƙuwar ta sunkuya ta bar ta. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira in ji abin da Kaka za ta ce. Ta janye hannun, ta ce a ba ta ruwa. Bayan kwana huɗu ta rasu.

Wata biyar da rasuwar, wani mutum ya yi sallama da Baba, sanye da kwat, riƙe da rediyo. Ɗan baƙuwar ne, ya dawo daga Libiya ya tarar an ce uwarsa ta yi Agadas. Kwana uku ya yi a zaurenmu, kwana ukun nan ƴan uwa suna zuwa gaisuwa suna ƙare masa kallo. Ƙanwar Baba ta ce kunnuwansa na gidanmu ne sak. Ƙawar Kaka ta ce ita ba ta ga komai ba sai Babarbare. Baba ya tambaye shi, cikin hira, ko uwarsa ta taɓa zama da wata ƴar Agadas a can. Ya ce ƙwarai, akwai wata maƙwabciyarsu da suka shaƙu, tare aka kawo su suna yara, ta rasu shekarun baya. Baba ya dube ni. Mutumin ya ci gaba da cewa ita waccan ɗin ƴar maƙera ce, ba irin gidanmu ba, kowa ya sani. Baba ya ce, "Wa ya faɗa?" Ya ce, "Inna."

Baƙuwar ba ta nemi kangon ba. Ta sayar da akuyar, ta ba ni kaskon turarenta, ta ce in yi mata kitson tafiya mai ƙarfi wanda zai kai ta Kawar bai warware ba. Gashin ya ƙara raguwa, huɗu ba su samu ba, na yi biyu. Baba ya raka su har wurin mota, ya ɗora mata jakar fata sabuwa da ya ɗinka da hannunsa, ya dawo ya shiga ɗakin da ta zauna ya dudduba ko wani abu ya ɓace. Ba abin da ya ɓace.

Shekara biyu a jere, da kaka, wani shofer yana kawo mana dabino ya ce daga tsohuwa. A ta uku bai zo ba. Na tambayi masu motar hanyar, wani ya ce ta rasu, wani ya ce ɗan ya wuce da ita Libiya. Baba ya ce a yi mata sadaka ko da wane ne gaskiya, muka dama fura muka kai masallaci. Liman ya tambaya da sunan wa za a yi addu'a, Baba ya ɗan tsaya, ya ce a yi wa baiwar Allah da ta zauna da mu.